Sharhi a kan hidimar CWGC: neman kabarin matashin sojan da ya mutu a yaƙi

Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen Kwamanwel, wadda aka fi sani da CWGC, tana riƙe da sunayen mutum kusan miliyan 1.7 da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, kuma tana kula da maƙabartu da wuraren tunawa kimanin 23,000 a ƙasashe fiye da 150. Hidimar da take yi wa jama'a iri biyu ce. Akwai rajistar da ke shafinta na intanet, inda kowa zai iya neman sunan mamaci ba tare da ya biya ko kwabo ba, sannan akwai maƙabartun su kansu, waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga mai ziyara. Na auna hidimar ne da tambaya ɗaya: idan yaro ya shiga soja yana ɗan shekara goma sha biyar ko sha takwas, ya mutu a ƙasar da iyayensa ba su taɓa gani ba, me wannan hukuma za ta iya gaya wa mai nemansa bayan shekara ɗari?

Tarihin hukumar gajere ne, amma sai an san shi kafin a fahimci abin da ke cikin rajistar. Wani ɗan Birtaniya mai suna Fabian Ware, wanda shekarunsa suka wuce na ɗaukar soja a 1914, ya tafi Faransa yana jagorantar ayarin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙungiyar Red Cross, ya ga ana binne mutane ba wanda ke rubuta inda aka binne su, sai ya fara rubutawa. Daga nan aka kafa hukumar a hukumance a watan Mayun 1917, aka sauya mata suna zuwa na yanzu a 1960. Gwamnatoci shida ne ke ɗaukar nauyinta, wato Birtaniya da Kanada da Ostireliya da New Zealand da Afirka ta Kudu da Indiya, kowacce gwargwadon yawan mamatanta, kuma Birtaniya ce ke biyan fiye da kashi uku cikin huɗu. Iyakar aikinta a bayyane take: waɗanda suka mutu daga 4 ga Agustan 1914 zuwa 31 ga Agustan 1921, da waɗanda suka mutu daga 3 ga Satumban 1939 zuwa 31 ga Disamban 1947. Wanda yake neman sojan da ya faɗi a wani yaƙi na bayan wannan lokaci, ko sojan Amurka ko na Faransa, ya nufi wata ƙofar, domin waɗannan ƙasashe suna da nasu hukumomin.

Binciken da ake yi a shafin ba shi da wahala. Ana rubuta suna, a ƙara da yaƙin da ake nufi, ko rundunar da mutum ya yi aiki, ko lambarsa ta soja idan an sani, sai sakamako ya fito. Shafin kowane mamaci yana nuna muƙaminsa da lambarsa da bataliyarsa da ranar mutuwarsa da maƙabartar da yake kwance, har da layi da lambar kabari, ko kuma bangon da aka sassaƙa sunansa idan ba a sami gawarsa ba. Ana iya sauke takardar tunawa mai ɗauke da sunansa. Abin da ya fi burge ni shi ne tsofaffin takardun da hukumar ta ɗauki hotonsu ta liƙa a ƙarƙashin shafukan mamata da yawa, musamman takardar da ke nuna inda aka tono gawa bayan yaƙi kafin a kai ta babbar maƙabarta, da abin da aka gane ta da shi, ko lambar wuya ce ko maɓallin riga ko wata wasiƙa a aljihu. A irin wannan takarda ne mai bincike kan ga alamar taswirar wurin da mutum ya faɗi, abin da dutsen kabarinsa ba zai taɓa nunawa ba.

Misalin da ya fi dacewa da wannan awo shi ne na Valentine Joe Strudwick, yaro daga garin Dorking na Ingila, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 14, a lokacin da doka ta ce ba a tura soja ƙetare sai ya kai 19. Ya mutu ranar 14 ga Janairun 1916 yana da shekara 15, kuma kabarinsa yana maƙabartar Essex Farm kusa da Ypres a Beljiyam, wurin da a lokacin yaƙi ake ɗaure wa masu rauni ciwo kafin a wuce da su asibiti. Kabarinsa yana cikin waɗanda aka fi ziyarta a duk yankin, musamman ɗaliban makaranta da ake kawowa, kuma dalili ɗaya ne: lamba 15 da ke jikin dutsen. Ba shi kaɗai ba ne yaron da ya ƙara wa kansa shekaru a gaban mai ɗaukar kurata, domin masana tarihi suna ƙiyasta cewa yara kusan 250,000 ne suka shiga rundunar Birtaniya a wancan yaƙi ba su kai shekarun ba. Amma mafi yawan waɗanda suka mutu a cikinsu ba za a gane su a rajistar ba, kuma a nan ne raunin hidimar na farko yake.

Shekarun mamaci da sunayen iyayensa da adireshin gidansu ba daga takardun soja kai tsaye hukumar ta samo su ba. Bayan yaƙi ta aika wa dangi takarda domin su tabbatar da bayanin, su ƙara abin da suke so. Inda takardar ta isa hannun uwa ko uba ko matar aure, aka cike aka mayar, shafin mamacin yana ɗauke da shekarunsa da asalinsa. Inda dangi suka ƙaura, ko suka mutu, ko ba su iya karatu ba, ko kuma ba wanda ya damu ya aika musu, shafin ya tsaya a kan muƙami da lamba da rana. Ma'anar wannan ita ce ko sanin cewa soja matashi ne ya dogara da ko wasiƙa ta sami mahaifiyarsa. Mai amfani da shafin yana iya tace sakamako da shekaru, ya ce a nuna masa 'yan shekara 16 ko 17, amma ya kamata ya sani cewa abin da zai fito masa jerin waɗanda danginsu suka amsa ne kawai, ba jerin duk yaran da suka mutu ba.

Rauni na biyu ya fi kama da iyakar aiki fiye da gazawa, amma dole a faɗe shi domin mutane da yawa suna zuwa da tsammanin da ba za a cika musu ba. Rajistar ba tarihin rayuwa ba ce, kuma a mafi yawan lokuta ba ta faɗin abin da ya kashe mutum. Wanda harsashi ya samu a fagen daga, da wanda zazzaɓi ko annobar murar 1918 ta kashe a asibiti, da wanda ya nutse a teku, duk kalma ɗaya ta haɗa su. Herbert Burden, wanda rundunarsa ta harbe a watan Yulin 1915 bisa laifin gudu daga bakin daga yana ɗan shekara 17, sunansa yana jikin ginin tunawa na Ƙofar Menin a Ypres tare da sunaye fiye da 54,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, ba tare da wata alama da ta bambanta shi da na kusa da shi ba. Sai a 2006 gwamnatin Birtaniya ta yi afuwa ga sojoji 306 da aka kashe ta wannan hanya, amma hukumar ta riga ta ba su wuri daidai da kowa tun shekaru da dama kafin nan. A ganina wannan shiru alheri ne ga mamacin, ko da yake yana barin mai bincike da ƙishirwa. Wanda yake son ya san yadda ranar ƙarshe ta kasance sai ya nemi littafin da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum, wanda ke ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya da ke Kew, kuma ya shirya wa rashin sa'a, domin fiye da rabin takardun aikin ƙananan sojojin yaƙin farko sun ƙone a 1940 lokacin da jiragen Jamus suka yi ruwan bama-bamai a Landan.

A maƙabartun ne hidimar ta fi nuna ƙarfinta. Ƙa'idar da aka kafa tun rahoton da Frederic Kenyon, mai ba hukumar shawara, ya rubuta a 1918 ita ce kowane mamaci a ambace shi da sunansa, dutsen ya zama mai ɗorewa, duwatsun su zama iri ɗaya, kuma kada a bambanta tsakanin janar da farabiti, ko mai kuɗi da talaka. An kuma hana mayar da gawawwaki gida, domin an san cewa masu hali ne kaɗai za su iya biyan kuɗin ɗauko 'ya'yansu, a bar 'ya'yan talakawa a can. Wannan hukunci ya ƙona ran iyaye da yawa, aka yi ta kai ƙorafi har maganar ta kai gaban majalisar dokokin Birtaniya a watan Mayun 1920, inda ra'ayin hukumar ya yi rinjaye. Yau idan mutum ya tsaya a Tyne Cot da ke Beljiyam, maƙabarta mafi girma a hannun hukumar, mai kaburbura kusan 12,000 waɗanda fiye da 8,000 daga cikinsu ba a san ko su waye ba, zai ga sakamakon hukuncin: hafsa da kurtunsa kafaɗa da kafaɗa, dutse ɗaya, tsawo ɗaya, ciyawa a gyare, furanni a gindin kowane layi. A bakin ƙofar yawancin maƙabartun akwai ƙaramin akwati a jikin bango da ke ɗauke da rajistar wurin da taswirarsa, don haka ko wanda ba shi da waya a hannu zai iya samun kabarin da yake nema. Ba a karɓar kuɗin shiga.

An bar wa dangi wuri ɗaya tak da za su yi magana da bakinsu, wato 'yan kalmomin da ake sassaƙawa a ƙasan dutsen, waɗanda aka ƙayyade kada su wuce harafi 66. Da farko an sa kuɗi a kan kowane harafi, peni uku da rabi, abin da ya sa wasu iyalai suka haƙura, kafin daga baya a mayar da biyan na ganin dama. Gwamnatin New Zealand ta ƙi yarda da wannan tsari gaba ɗaya saboda ba kowa zai iya biya ba, shi ya sa duwatsun sojojinta galibi ba su da irin wannan rubutu. Ga mai neman ya ji wani abu game da matashin da ke ƙarƙashin dutsen, wannan layi ya fi duk sauran bayanan amfani, domin a nan ne ake ganin cewa shi kaɗai ne ɗa a gidansu, ko shi ne auta, ko kuma uwarsa ba ta yafe wa yaƙin ba. Akwai uban da ya nace sai an rubuta a dutsen ɗansa cewa harbe shi aka yi da asuba, duk da cewa hukumomin soja sun so a rufe zancen. An kuma kula da addini: duwatsun sojoji Musulmi suna ɗauke da rubutun Larabci, da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" a ƙasa, na Yahudawa suna da tauraronsu, 'yan Hindu da Sikh kuwa, waɗanda addininsu ya tanadi ƙona gawa, an rubuta sunayensu a wuraren tunawa na musamman.

Hukumar ba ta daina aiki a kan tsofaffin bayanai ba, kuma wannan ya cancanci yabo. John Kipling, ɗan marubucin nan Rudyard Kipling, an ƙi ɗaukarsa soja saboda raunin ido har sai da mahaifinsa ya nemi alfarmar manya, sannan ya ɓace a yaƙin Loos a Faransa a watan Satumban 1915, makonni kaɗan bayan ya cika shekara 18. Uban, wanda shi ne ya zaɓa wa hukumar kalmomin da ake rubutawa a kan kaburburan da ba a san masu su ba, ya mutu a 1936 bai san inda ɗansa yake ba. Sai a 1992 hukumar ta sake duba takardunta ta yanke cewa wani kabari da ba shi da suna nasa ne, ta sauya dutsen, kuma ko bayan haka an daɗe ana gardama a kan hujjar. A Fromelles ta Faransa kuma, inda aka gano gawawwakin sojojin Ostireliya da Birtaniya 250 a manyan ramukan da Jamusawa suka binne su bayan faɗan Yulin 1916, an gina sabuwar maƙabarta a 2010, aka yi amfani da gwajin ƙwayar halitta ta jikokin dangi aka mayar wa da yawa daga cikinsu sunayensu. Har yanzu manoma da ma'aikatan hanya a Faransa da Beljiyam suna tono ƙasusuwa, ana binne su da cikakkiyar girmamawar soja.

Sai dai duk wannan yabo yana da iyaka a taswira, kuma hukumar da kanta ta amsa haka. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti na musamman da ta kafa ya fitar da rahoton da ya nuna cewa tsakanin mutum 45,000 zuwa 54,000 da suka mutu a yaƙin farko, mafi yawansu Indiyawa da 'yan Afirka ta Gabas da ta Yamma da Misirawa da Somaliyawa, ba a tuna da su daidai da Turawa ba. Ya kuma nuna cewa aƙalla wasu 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, ko ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Rahoton bai ɓoye dalili ba: wariyar launin fata ce ta zamanin mulkin mallaka, har ya kawo maganar wani gwamnan mulkin mallaka na 1923 da ya ce baƙar fata ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba. A Nairobi da Mombasa da Darussalam an kafa gumakan soja da ɗan dako ba tare da suna ko ɗaya ba, a Basra ta Iraƙi kuma an rubuta sunayen Turawa da na hafsoshi, aka taƙaita ƙananan sojojin Indiya da adadi. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Ga mai amfani da shafin, abin da wannan ke nufi a aikace shi ne matashin da aka ɗauka dako a yaƙin Afirka ta Gabas, ya mutu da atini ko yunwa a kan hanya, galibi ba zai fito a bincike ba ko an rubuta sunansa daidai, domin ba a taɓa shigar da shi ba.

An fara gyara. Hukumar ta kafa sashen da ke bin ma'ajiyoyin tarihi yana tono sunayen da aka bari, kuma a watan Janairun 2025 an buɗe sabon wurin tunawa a birnin Cape Town mai ɗauke da sunayen leburorin soja baƙar fata na Afirka ta Kudu fiye da 1,700. Aiki ne na gaskiya, amma idan aka ɗora wannan adadi kusa da 116,000 za a ga nisan tafiyar da ta rage, kuma wasu sunayen ba za a same su ba har abada tunda ba a rubuta su ba tun farko.

Labarin yaƙi na biyu ya fi dama. Sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, suna cikin rajistar da sunayensu, wasu a kaburburan maƙabartar Taukkyan da ke wajen birnin Yangon, mai kaburbura fiye da 6,000, wasu kuma a ginshiƙan tunawa da ke tsakiyarta, masu ɗauke da sunaye kusan 27,000. A nan matsalar ta rubutun suna ce. Akawun soja ya rubuta abin da kunnensa ya ji, sau da yawa ya sa sunan gari ko na ƙabila a gurbin sunan uba, don haka Muhammadu ɗaya yana iya fitowa da siffa uku ko huɗu. Shawarata ga mai neman kakansa ita ce ya fara da lambar soja idan tana jikin wata lamba ta yabo ko tsohuwar takarda a gida, domin lamba ba ta sauyawa. Idan babu, ya tace da sunan runduna da shekarar mutuwa, ya bi jerin a hankali maimakon ya dogara da rubutun suna guda. Kuma ya shirya ya tarar da gurbin shekaru da na sunayen iyaye a wofi, saboda dalilin da aka riga aka bayyana. Bayanan rajistar da Turanci suke, da gajerun kalmomin muƙaman soja da za su iya rikita wanda bai saba ba, don haka zama da wanda ya san tsarin soja yana rage wahala.

Akwai kuma ɓangaren da hukumar ta ƙara a 'yan shekarun nan, inda jama'a ke iya ɗora hoto da labarin mamacinsu a haɗa shi da shafinsa. Tunani ne mai kyau, domin shi ne kaɗai hanyar da rayuwar matashin, aikin da yake yi kafin ya sa kaki da wasiƙun da ya aiko gida, za ta shiga inda mutuwarsa kawai take. Amma labaran da ke ciki na dangi ne da masu sha'awa, ba a tace su kamar yadda ake tace rajistar ba, kuma bisa ɗabi'a sun fi yawa daga ƙasashen da iyalai suka ajiye hotuna da takardu. Ya kamata a karanta su da wannan sani.

Ga ɗalibi da malamin tarihi da mai shirin ziyarar maƙabartun Faransa da Beljiyam, ina ba da shawarar wannan hidima ba tare da jinkiri ba, domin bayananta game da rana da wuri abin dogaro ne kuma kyauta ne. Ga iyalin da ke neman sojan yaƙi na biyu daga Afirka ko Indiya, ta cancanci a fara da ita, a haɗa da haƙuri a kan rubutun suna. Ga wanda kakansa ɗan dako ne ko lebura a yaƙin farko, ya gwada, amma idan bai sami komai ba ya rubuta wa hukumar da duk abin da dangi suka sani, sunan mutumin da shekarar da aka tafi da shi da inda aka ce ya mutu, domin sashen da ke neman sunayen da aka bari yana karɓar irin wannan bayani daga jama'a.